Cizon Shinkafar Goggo Tabawa

Rannan ɗaya daga cikinku, ku 'yan matan da kuke leƙowa shagon Kawu Sale bayan an tashi Islamiyya, ta tsaya tana kallona ina ɗiga gam a bayan haƙoran roba, ta ce, "Anti Hindatu, ashe aikin ke nan? Ai ko ƙanwata za ta iya." Ban samu na ba ta amsa ba, don ɗana Sadiku ya sulale ya nufi bakin titi, na yar da komai na bi shi. Amma maganar ta bi ni har gida. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa muku yadda aikin yake.

Kawu Sale ƙanin mahaifiyata ne. A birni ya koyo haɗa haƙoran roba, ya dawo Kura ya buɗe shago a bayan injinan shinkafa, inda komai ka taɓa sai ka ga garin ɓuntu a yatsanka. Maza suna zuwa da ƙafarsu. Mata kuwa, tsofaffin da suka fi kowa buƙata, suna cikin gidaje, kuma babu wadda za ta buɗe wa namiji baki ya zura hannu. Sai ya ɗauke ni, ni da ban wuce firamare ba. Ya ce ba karatu yake nema ba, ido yake nema da hannu mai sanyi. Na daɗe ba abin da nake yi sai wanke kofuna da share ɓuntu, kafin ya yarda in taɓa garin awo.

Kayan aikina duk suna shiga jaka ɗaya. Akwai cokulan awo masu siffar baki, manya da ƙanana. Akwai garin awo, wanda ake damawa da ruwa mai sanyi, a zuba a cokalin, a danna a dasashi, ya kama jikinsa kamar tuwon da ya huce. Akwai safar hannu, da ɗan madubi, da magagari na rage inda yake gugar nama, sai gam ɗin kansa a cikin 'yar roba irin ta man goge baki. Kawu ne mai haɗa haƙoran. Ni aikina in ɗauko masa bakin mace in kawo shago alhali ita tana zaune a ɗakinta, in ya gama kuma in mayar mata, in koya mata zama da shi. Wani lokaci a kan babur nakan tuna cewa bakin wata tsohuwa ne a cinyata, a naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, muna wuce gonakin albasa tare, sai in ƙara riƙe jakar da hannu biyu.

Shi gam ɗin, ga yadda yake. A wanke haƙoran, a tsane su. A ɗiga kaɗan-kaɗan, kowane ɗigo kamar ƙwayar shinkafa, a cikin kwarin da yake hawa dasashi, kada a kai baki-baki. Mai su ta kurkure baki, ta sa, ta danna, ta cije a hankali kamar tsawon karatun Fatiha. In ya ɓulɓulo ta gefe, ya yi yawa. In za a kwanta a cire, a goge dasashi da ganɗa da tsumma mai tsabta, a sa haƙoran a kofin ruwa mai sanyi. Da baki faɗarsa ba wuya. Abin da ba ya faɗuwa shi ne yadda za ki kalli yadda tsohuwa take rufe leɓe ki gane inda yake mata ciwo, don ba za ta faɗa ba. Za ta ce miki lafiya lau, tana haɗiye yawu da ƙyar. Kuma Kawu ya nanata min tun farko: gam mataimaki ne kawai, ba ya gyara haƙoran da suka ƙi baki. In kika ga mutum yana ƙara gam kullum, to ki daina duban gam, ki dubi haƙoran.

Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir na gane cewa mu ma manoma ne, ko da ba mu da gona. Haƙori yana jiran kaka. In ba a ɗebi amfani ba, tsoho zai ci gaba da murza tuwo da dasashi, ba wanda zai ce a kai shi shago. Muka wuni muna zaune, haƙora a jere a kan katinsu suna yi wa bango murmushi. Waɗanda suke da su kuma suka daina sayen gam. Wata ta jiƙa ƙaro ta shafa, ya narke tun kafin ta gama koko. Wani dattijo ya sa gam ɗin ɗinkin takalmi, ya zo da baki a ɗaye, Kawu bai ko taɓa shi ba ya ce a wuce da shi asibiti. Tun daga nan ba na barin gida sai na ce: wannan gam ɗin kaɗai, ban da na takalmi, ban da na katako, kuma in gyambo ya ƙi warkewa a baki, asibiti ne maganarsa, ba ni ba.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na Goggo Tabawa.

Tana wani ƙauye ta wajen Bunkure, inda hanya take bin gefen kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Sana'arta turara shinkafa. 'Yan kasuwa suna kawo mata shanshera, shinkafar da ke cikin ɓawonta, buhu-buhu, ta jiƙa, ta turara a manyan durom, a baza a tamfol ta bushe, sannan a kai inji. Mata da yawa suna ci a ƙarƙashinta, wasu zawarawa, wasu mazansu sun tafi ci-rani. Duk wahalar aikin tana wajen shanya. In aka kwashe da sauran danshi, inji ya dagargaza ta. In aka bari ta bushe ta wuce, nan ma ta kakkarye. Tsakanin biyun ɗan lokaci ne, kuma Goggo da haƙori take gane shi. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta ɓare, ta ciza, ta ce a kwashe ko a bari. Shinkafarta takan fito daga inji doguwa, ba tsaki. Da haƙoranta suka zube, ɗanta ya zo shago, na je na auno ta, Kawu ya haɗa mata na sama da na ƙasa. Ranar da na sa mata sun zauna daram. Na koya mata komai na dawo.

Ba a jima sosai ba aka fara aiko yaro sayen gam. Aka sake aikowa. Da aka zo na gaba Kawu ya ɗago kai ya ce, "Hindatu, ko dai miya take yi da shi? Shirya ki je ki gani."

Lokacin Sadiku yana goye. Sa'anninsa duk sun fitar da haƙori, shi shiru, sai dalala da zafin jiki da cusa komai a baki. Kullum da safe sai na wanke yatsa na shafa dasashinsa, ba komai. Ni da nake wuni cikin haƙoran mutane, ɗana ba ko ɗaya. Na goya shi da zani biyu, don ba na yarda da hanyar kanal, in ɗan acaɓa ya matsa gefen ruwa sai in ƙara tallafe goyon. Ruwan yana tafiya a hankali tare da mu, sama a kwance a cikinsa, balbelu a tsaye cikin shinkafa kamar an manta da su. Na yi ta kallon farinsu a cikin kore har na fara ganin kamar haƙora ne suka tsiro a gona, ana jira su nuna a girbe a raba wa tsofaffi. Sai da babur ya faɗa rami na dawo hayyacina.

Tun daga nesa na ga abin da ya canja. Da, hayaƙin gidan Goggo har rufe bishiyar darbejiya yake. Ranar durom ɗaya ne kawai a kan wuta, sauran a kife. Mata biyu ne a tsakar gida, ɗaya Hajo, babbar mai taimakonta. Goggo tana zaune a kan turmi, ta rame, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Sannu da aiki, Goggo. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Sauko min da mijina in gan shi." Haka take kiran Sadiku. Ta karɓe shi ta duba bakinsa. "Har yanzu? To ai mun dace. Ango ba haƙori, amarya na aro."

Tana magana ina jin haƙoran suna ƙwas-ƙwas, na sama yana saukowa tana mayar da shi da harshe. Na sa safar hannu na ce ta cire. Gam ya cika su dam, har ya taru a ganɗarta kamar kunun da ya kwana. Dasashin ya yi ja, gefe ɗaya ya kumbura. Na wanke su tas na mayar ba gam, sai suka yi ta rawa, in na danna dama hagu ya tashi. Na ɗaga su a rana na duba. Sun karkace, kaɗan ne, kamar murfin roba da aka ajiye kusa da murhu.

"Goggo, tun yaushe suke haka?"

"Ni dai na ga suna ta faɗi. Ko bakina ne yake tsukewa. Ina ƙara gam suna ƙara iskanci."

Hajo ta matso ta rage murya, ko da yake Goggo tana ji. "Ba ta jin shinkafar, Hindatu. In ta ciza, haƙoran ne suke gocewa. An kai inji ta fito rabi tsaki, aka sake kaiwa haka. Duk sun janye kayansu. Alhaji Ado ne kaɗai ya rage, shi ma ya ce wannan da zai kawo ita ce ta gwaji. In ta karye, sai mu kife wannan durom ɗin ma."

Na ce, "Ke ba ga haƙora a bakinki ba? Ki ciza mana."

Goggo ta yi tsaki. "Haƙori gare ta kamar na jaki, kunne ne babu. Ta ciza ta ce min ta bushe. Ina ta bushe? Ba a baki ake ji ba, 'yar nan. Ƙara ce take hawa nan." Ta taɓa bayan kunnenta.

"Na ji, na gode," in ji Hajo. "Shekara nawa ina juya miki shanya, yau na zama jaka."

Ban san me ya karkatar da su ba. Na tambaya ko sun faɗi, ta ce a'a. Ko jika ya yi wasa da su, a'a. Sai na yi shiru na zauna, don na lura in ka daina tambaya gida yakan faɗa maka da kansa. Ina zaune ina riƙe da ƙafar Sadiku kada ya rarrafa wajen wuta, ina ture robar gam daga inda hannunsa zai kai, sai na ga Hajo ta gama shan koko, ta ɗebo tafasasshen ruwa daga durom da ludayi ta watsa wa kwanon. Ɗayar matar ta zo ta yi wa cokalinta haka. Can Goggo ta miƙa hannu ba ta ko duba ba, ta ɗauki haƙoran daga inda na ajiye, ta jefa a kofin silba, ta miƙa wa Hajo.

Na riƙe hannunta. "Me za a yi musu?"

"A ƙona su mana. Kin taɓa su, ƙuda ya sauka."

"Goggo, ban ce ruwan sanyi ba?"

"Kin ce. Na ɗauka don ku a gari itace tsada yake muku. Abin da zai shiga bakina in wanke da ruwan sanyi, ga wuta tana ci a banza? Kullum sai na tsoma su, safe da yamma."

A gidan masu turara ba abin da yake da tsabta sai ya sha tafasasshen ruwa. Ba taurin kai ba ne, ƙyanƙyami ne irin na mai tsabta. Na ɗauko wani tsohon murfin bokitin roba na ce Hajo ta zuba masa ludayi ɗaya. Muna kallo ya yi laushi ya lanƙwashe. Goggo ta daɗe tana dubansa.

"Ashe da hannuna na dafa su," ta ce a hankali. "To ƙaro gam ɗin."

"Ko buhu na kawo ba zai yi ba. Sai an sake sababbi. Kuma ba zan aune ki yau ba, sai kumburin ya saɓe. Ki ajiye waɗannan, ki riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi."

"In zauna baki wayam, Alhaji Ado na tafe da kaya?"

"Ki ce masa ya kawo, amma kada a jiƙa sai na dawo."

Ta dubi Sadiku. "Ka ji uwarka. Ta raba ni da adona, don kada in fi ka."

Zuwan da na yi na biyu dasashin ya koma kalarsa, na auna. Buhunan Alhaji Ado suna jingine a zaure, ya riga ya aiko sau da dama yana tambaya. Na kai awon shago a guje kada ya bushe. Kawu ya ajiye sauran aiki ya kama nata, yana yi yana mita wai tunda ya fara sana'a ba a taɓa yi masa farfesun haƙora ba. Ni kuwa a kwanakin nan ko gyangyaɗi na yi sai in ga durom yana tafasa, haƙora suna iyo a ciki suna hira da juna, ni ina neman Sadiku a cikin tururi. Da Kawu ya ce gobe za su fito, na aika a jiƙa shinkafar.

Ranar da na koma da su an riga an turara, an baza. Tsakar gidan duk ta zama ruwan zinariya, tamfol har bakin zaure, ƙamshin nan na dafaffiyar shanshera ya cika ko'ina. Matan da suka tafi wasu sun dawo, sun tsaya jikin katanga, wai sun zo gaisuwa. Na zaunar da Goggo a inuwa. Na gwada su ba gam tukuna, suka hau suka zauna, na rage wuri ɗaya da magagari inda na ga ta ɗan runtse ido. Sannan na ɗauko gam. Ta miƙo hannu za ta matsa da kanta, na ga yadda ta kama robar kamar mai tatsar saniya, na karɓe. Na ɗauki ƙwayar shinkafa daga tamfol na ajiye a tafin hannunta.

"Kin ga wannan? Iyakar girman ɗigon ke nan. Ke kika fi kowa sanin girmanta."

Ta kurkure baki, ta sa, ta cije. Leɓenta yana motsi, na san Fatiha take yi.

"Kuma ba da haƙoran gaba za ki ciza ba kamar da. In kika ciza da na gaba, bayan zai ɗaga. Tura ta matauni."

Hajo ta ɗebo daga tsakiyar shanya ta kawo. Goggo ta zaɓi ɗaya, ta murje ɓawon, ta sa a baki, ta tura gefe da harshe. Ta ciza. Ta tofar, ta ɗauki wata.

"Ku yi min shiru. Hajo, kore kajin nan."

Aka yi tsit, har ina jin ruwan kanal yana wucewa a bayan katanga. Ta rufe ido. Ni dai na juyo da Sadiku gaba na ƙanƙame. Ban san ko roba tana kai ƙara kunne ba. Kawu bai taɓa faɗa min ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Ta ciza ta biyu. Ta daɗe ido a rufe, kanta a karkace kamar mai sauraron sallama daga waje.

"Ina jinta," ta ce. "Da nisa. Kamar ana fasa gyaɗa a gidan maƙwabta. Amma ita ce." Ta buɗe ido. "Ba ta yi ba. Cikinta da sauran laushi. A ja ta inuwa, a juya."

Hajo ta ciza tata. "Ni dai na ji ta bushe."

"Ai na sani. Ja tamfol."

Na zauna har rana ta karkata. Lokaci-lokaci Goggo takan tashi ta zaga shanyar, ta ɗauka a nan, ta ɗauka a can, ta ciza, ta girgiza kai. Haƙoran ba su motsa ba. Ana gab da kiran la'asar ta tsaya a tsakiyar tamfol, ta ciza, sai na ga kafaɗunta sun sauka.

"A kwashe."

Ba na wurin aka kai inji. Ina shago washegari Hajo ta shigo, ɓuntu har a girarta, ba ta ko gama sallama ba ta kwance bakin zaninta ta zazzage min a tafin hannu. Dogaye ne, masu sheƙi, na tona da yatsa ina neman karyayya da ƙyar na samu. Ta ce Alhaji Ado ya tsaya a bakin inji ya tara hannu, sai ya kira mai kura ya ce a kai wa Goggo sauran buhunansa.

Da na koma duba ta, tun daga kan hanyar kanal na hango hayaƙi ya rufe darbejiya. Kofin silbar yana kan taga, da ruwan randa a ciki, na tsoma yatsa na tabbatar. Goggo ta karɓi Sadiku tana yi masa kirari, ta buɗe baki tana nuna masa nata, wai ya je ya nemo sadaki yanzu ta fi ƙarfinsa. Ta goge yatsa a mayafi ta sa masa a baki don tsokana. Sai na ga ta tsaya, ta karkata kai irin na rannan.

"'Yar nan, kawo hannunki."

Ta ɗora yatsana a dasashinsa na ƙasa. Wani ɗan abu ne mai kaifi, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba.

"Wannan," ta ce, "kada ki sa masa gam."

To ke da kika ce ƙanwarki za ta iya, ki zo ranar da zan je Bunkure ki riƙe min jaka. Ɗiga gam zan koya miki kafin mu fita daga Kura. Amma in mun shiga gida, kada ki fara da bakin tsohuwa. Ki gaishe ta, ki zauna, ki dubi inda take ajiye kofinta.